Feshin Hanci Don Kare Kai Daga Mura: Me Ya Sa Mutane Ke Ɗari-ɗari da Shi?

A watan Yulin 2024 wata tawagar masu bincike ta Jami'ar Southampton da ke kudancin Ingila, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Paul Little, ta wallafa sakamakon wani babban gwaji a mujallar likitoci ta Lancet Respiratory Medicine. Gwajin ya ƙunshi mutum 13,799 waɗanda aka samo ta hannun ƙananan asibitocin likitocin iyali guda 332, kuma dukkansu manya ne da ke da wani dalili na jin tsoron cututtukan numfashi, ko dai saboda tsufa, ko asma, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko kuma saboda mura tana kama su sau uku ko fiye a shekara. An raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko aka bar su da irin kulawar da suka saba samu, kashi na biyu aka ba su wani feshin hanci mai kauri da ake sayarwa da sunan Vicks First Defence, kashi na uku aka ba su feshin ruwan gishiri, na huɗu kuma aka haɗa su da wani shafin intanet mai ƙarfafa motsa jiki da rage damuwa.

Bayan wata shida aka ƙirga kwanakin da kowa ya yi yana fama da rashin lafiyar numfashi. Waɗanda ba a ba su komai ba sun yi kwana 8.2 a matsakaici, masu feshi mai kauri kwana 6.5, masu ruwan gishiri kwana 6.4, masu shafin intanet kuma kwana 7.4. Wato feshin guda biyu sun rage kwanakin jinya da kusan kashi 20 cikin 100, kuma ruwan gishiri, wanda ya fi kowane arha, bai gaza ɗan'uwansa mai suna da tsada ba ko kaɗan. Sai dai masu binciken sun lura cewa mutane da dama ba su riƙa fesawa yadda aka umarce su ba, duk da cewa kyauta aka aika musu da kwalaben har gida. Wannan batu na biyu shi ya fi jan hankalina, domin yana nuna cewa samun abin da ke aiki rabin tafiya ne kawai, sauran rabin yana cikin yadda mutum ya ɗauki hancinsa, da yadda ya ɗauki mura, da kuma abin da kalmar magani ke tayar masa a zuciya.

Hikimar da ke bayan feshin ba ta da wuyar fahimta. Ƙwayoyin cutar bairos masu kawo mura sun haura iri 200, kuma mafi yawansu ta hanci suke shiga, su maƙale a fatar cikinsa da ta bayan maƙogwaro, su fara hayayyafa kafin mutum ya ji ko da ƙaiƙayi. Dangin bairos ɗin da suka fi haddasa mura sun fi jin daɗin hayayyafa a ɗumin da ke tsakanin digiri 33 zuwa 35, wanda shi ne ɗumin cikin hanci, ƙasa kaɗan da na sauran jiki. Idan aka wanke wani ɓangare na ƙwayoyin tun suna 'yan kaɗan, ko aka tare su da wani abu mai yauƙi, ko aka ƙara wa wurin ɗan tsamin da ba sa so, garkuwar jiki za ta tarar da aiki mai sauƙi. Saboda haka umarnin da aka bai wa mahalarta gwajin shi ne su fara fesawa da zarar sun ji alamar farko, ko bayan sun yi cuɗanya da mai mura, har sau shida a rana idan alamun sun bayyana. Komai ya rataya ne a kan lokaci. Wanda ya jira sai majina ta fara zuba kamar famfo ya riga ya makara, tunda alamun mura kan kai ƙololuwa cikin kwana biyu zuwa uku.

Ruɗani na farko yana tasowa ne daga cewa abubuwa da dama masu aiki daban-daban suna zuwa cikin kwalba iri ɗaya mai dogon baki. Akwai feshin buɗe toshewar hanci, irin masu ɗauke da sinadarin oxymetazoline ko xylometazoline, waɗanda ke tsuke jijiyoyin jini su ba mutum sararin numfashi cikin 'yan mintuna. Akwai feshin masu fama da atishawar ƙura da furanni, wanda ake amfani da shi kullum na tsawon makonni. Akwai ruwan gishiri da masu kaurin nan da ake fesawa don tare cuta. Sannan akwai rigakafi na gaske da ake fesawa a hanci maimakon allura, kamar FluMist na murar infuluwenza wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2003, da kuma iNCOVACC na korona wanda kamfanin Bharat Biotech ya fitar a Indiya a farkon 2023. Ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba, duk feshi feshi ne, kuma wanda ya fi sani shi ne na farko. Na farkon kuwa yana da mummunan suna da ya cancanta, domin wanda ya zarce 'yan kwanakin da aka ƙayyade, kwana uku a takardun Amurka, hancinsa kan sake toshewa fiye da da idan maganin ya sake shi, sai ya ƙara fesawa, har ya wayi gari ba ya iya barci sai kwalbar tana ƙarƙashin matashinsa. Wanda ya ga ɗan'uwansa a wannan hali, idan aka ce masa ya fesa wani abu sau shida a rana alhali bai ma kwanta ba, dole ya ja da baya, ko da abin da ke cikin kwalbar ruwa ne da gishiri kawai.

Tun kafin sakamakon babban gwajin ya fito, tawagar Southampton ta nemi sanin abin da ke ran mutane game da wannan batu, ta kuma wallafa abin da ta gano a mujallar BMJ Open a 2022. Masu binciken sun karanta sharhi 407 da masu sayen wani feshin hana mura suka rubuta a intanet, sannan suka tattauna da marasa lafiya 13 masu yawan kamuwa da cututtukan numfashi ko masu rauni a gare su. Adadin waɗanda aka tattauna da su kaɗan ne, kuma wanda ya zauna ya rubuta sharhi a kan kaya galibi ko dai ya ji daɗi ƙwarai ko ya fusata ƙwarai, don haka ba za a ce wannan ra'ayin dukan Birtaniya ba ne. Amma irin tunanin da ya bayyana a ciki sananne ne ga duk wanda ya taɓa sauraron hirar mutane a bencin jiran likita.

Mutanen suna da ƙwaɗayin guje wa mura sosai, musamman da yake binciken ya zo a zamanin korona, kuma mai asma ko mai raunin huhu ya san cewa murar da wani zai share da hankici shi tana iya kai shi gadon asibiti. Tare da wannan ƙwaɗayi kuma akwai wani irin sallamawa, wato ganin cewa mura aba ce da ba ta da makawa, idan lokacinta ya yi sai ta kama mutum, idan ta kama shi kuma sai ta cika kwanakinta. Mai irin wannan tunani ba ya musun cewa feshin na iya yi wa wasu aiki, kawai dai ya riga ya yanke wa jikinsa hukunci ne. Bahaushe ma yana da nasa salon na wannan magana, inda za ka ji ana cewa ai sanyi ne ya shige shi, ko kuma murar shekara ce ta zagayo, kamar dai bashi ne da ake biya duk hunturu. Da wuya mutum ya sayi kariya daga abin da bai yarda ana iya kare kai daga gare shi ba.

Wurin da lamarin ya fi sarƙaƙiya, a ganina, shi ne yadda mutum ke yanke hukunci daga abin da ya faru da shi. Maganin ciwon kai yana da shaida a fili, domin kai na ciwo, an sha, ya daina. Abin kariya ba shi da irin wannan shaida. Mutumin da ya ji ƙaiƙayi a maƙogwaro da dare, ya fesa, ya tashi da safe garau, zai rantse cewa feshin ne ya cece shi, alhali sau da yawa irin wannan ƙaiƙayi yakan wuce da kansa. Wani kuma ya fesa, murar ta zo duk da haka, ta yi masa kwana shida, sai ya jefar da kwalbar yana cewa an cuce shi, bai san cewa wataƙila da kwana takwas za ta yi ba. Dukansu biyu sun gina tabbaci a kan abin da ba za su iya gani ba, wato abin da zai faru da ba su fesa ba. Daga nan kowannensu zai tafi ya ba abokai da dangi labari, kuma binciken 2022 ya nuna cewa shawarar wanda aka sani tana da nauyi sosai wajen sa mutum ya gwada. Bambancin kwana ɗaya da rabi ko biyu cikin wata shida abu ne da sai an tara dubban mutane ake ganinsa, mutum ɗaya ba zai taɓa jinsa a jikinsa ba ta yadda zai iya rantsuwa a kai.

Ita kanta kalmar kariya tana buƙatar a yi mata adalci. Abin da gwajin Southampton ya tabbatar shi ne raguwar kwanakin jinya da tsananinta. Bai nuna cewa feshin guda biyu sun hana mutane kamuwa ba. Abin ban sha'awa ma, shafin motsa jiki da rage damuwa shi ne ya ɗan rage yawan kamuwar, da kusan kashi 5 cikin 100. Haka kuma kowane mahalarci ya san abin da aka ba shi, kuma shi ne yake ba da rahoton kwanakin da ya yi ba lafiya, don haka tsammanin samun sauƙi na iya shiga cikin lissafin. Wanda aka sayar wa feshi da alkawarin ba zai ƙara yin mura ba, ranar da ya yi atishawa ta farko zai ɗauka an yi masa ƙarya, kuma yana da gaskiya. Da an ce masa murar za ta iya zuwa amma za ta fi saurin tafiya, da ya san abin da ya saya.

Akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka taɓo hana kamuwa kai tsaye. A 2025 masu bincike a Jami'ar Saarland ta Jamus sun wallafa gwajin mutum 450 a kan azelastine, wani tsohon feshin masu atishawar ƙura, inda aka fesa sau uku a rana na kwana 56, kuma kashi 2.2 cikin 100 na masu feshin gaske suka kamu da korona, idan aka kwatanta da kashi 6.7 na waɗanda aka ba feshin da ba magani a ciki. Sakamako ne mai ba da fata, amma daga cibiya ɗaya ya fito, a kan mutane masu ƙoshin lafiya, kuma waɗanda suka kamu a ɓangarorin biyu duka ba su wuce ashirin ba. Irin wannan labari yakan isa wayoyin mutane a matsayin an gano maganin korona, ya bar duk sharuɗɗansa a baya.

Wani abin da binciken 2022 ya fito da shi, wanda likita ba lallai ya yi tunaninsa ba, shi ne ƙyama. Mutane da dama suna ganin hanci wuri ne mai ƙazanta, kuma tura bakin kwalba a ciki, a ciro shi da danshi, a rufe, a mayar aljihu, abu ne da ransu ba ya so, balle a yi shi a gaban jama'a. Wannan kuwa matsala ce ta gaske ga abin da ake so a yi amfani da shi daidai lokacin cuɗanya, a jirgin sama, ko a ofis, ko bayan an rungumi jika mai majina. A nan ne nake ganin Musulmi, ciki har da mafi yawan Hausawa, suna tsaye a wani wuri dabam, domin wanda ke shaƙa ruwa ya face a kowace alwala tun yana yaro bai ɗauki sa ruwa a hanci baƙon abu ba, tsafta ce a wurinsa kamar kurkure baki. Wannan ba hujja ba ce cewa alwala tana aikin feshin da aka gwada, tunda ruwan alwala ba shi da gishirin. Abin nufi kawai shi ne shingen ƙyamar da ke tare Baturen Ingila ya fi gajarta a wurin mai alwala, kuma duk mai son yi wa irin wannan al'umma bayani ya riga ya sami inda zai ɗora maganarsa.

Illolin feshin ƙanana ne, amma ga mai lafiya ƙaramar illa ma babba ce. Wasu sukan ji zafi ko raɗaɗi, wasu atishawa, wasu ɗanɗano mara daɗi idan ruwan ya gangara maƙogwaro, wanda galibi alama ce ta cewa an ɗaga kai sama ko an ja numfashi da ƙarfi fiye da kima. A gwajin Southampton, kusan kashi 8 cikin 100 na masu feshi mai kauri sun yi ƙorafin ciwon kai ko ciwon kogon fuska, yayin da a sauran rukunan abin bai wuce kusan kashi 5 ba. Mara lafiya yakan haƙura da ɗacin magani saboda yana neman mafita, shi kuwa wanda lafiyarsa ƙalau, aka ce ya jawo wa kansa raɗaɗi yau don gudun murar da ba tabbas za ta zo jibi, lissafinsa dabam ne. Yadda ake riƙe kwalbar ma yana da tasiri, domin ana so a ɗan sunkuyar da kai, a karkata bakinta zuwa gefen kunne, nesa da guringuntsin da ya raba ƙofofin hancin biyu, wanda shi ne wurin da ya fi saurin yin haɓo.

Tsoron magani kuma yana da tarihin da ya haife shi. A watan Yunin 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina amfani da wasu kayan Zicam masu sinadarin zinc da ake sawa a hanci don mura, bayan ta sami rahotanni fiye da 130 na mutanen da suka daina jin ƙanshi da wari. A zamanin korona kuma kasuwa ta cika da feshi iri-iri masu manyan alkawura, har hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kai kamfanin Xlear kotu a 2021 kan tallan da ta ce ba shi da isasshiyar hujja, ƙarar da aka janye a 2025. Yawancin feshin tare cuta ana yi musu rajista ne a Turai a matsayin kayan aikin lafiya, wanda hanyar amincewa da shi ba ta kai ta magani tsauri ba, kuma mai saye ba ya ganin wannan bambanci a jikin kwali.

Wani lokaci kuma damuwar ta addini ce. Tun 2013 Birtaniya ke ba yara rigakafin infuluwenza ta hanyar feshin hanci, abin da ya sauƙaƙa aikin a makarantu tunda babu allura babu kuka, amma feshin yana ɗauke da sinadarin jelatin da aka samo daga alade, kuma iyaye Musulmi da yawa sun ƙi amincewa da shi. Daga baya hukumomin lafiya suka buɗe ƙofar yi wa irin waɗannan yara allurar da ba ta da jelatin. Wannan damuwa ba ta shafi ruwan gishiri ba, sai dai iyayen da suka taɓa jin cewa akwai alade a wani feshin hanci ba lallai su tsaya tantance wanne ne ba.

Sakamakon da ya fi muhimmanci ga ƙasashenmu, a nawa ra'ayin, shi ne wanda jaridu suka fi saurin wucewa a kansa. Duka rukunai ukun da aka ba wani abin yi sun rage shan magungunan kashe bakteriya da fiye da kashi 25 cikin 100. Waɗannan magunguna ba sa taɓa bairos ɗin mura, amma ana shan su saboda mai jinya yana son ya ji yana yin wani abu, likita kuma ba ya son ya sallame shi hannu rabbana. A Ingila sai da amincewar likita ko wani ƙwararren ma'aikacin lafiya ake samun su. A Kano ko Maraɗi kuwa, inda mutum zai shiga kemis ya ce a haɗa masa na mura a miƙo masa kafso a ciki, kuma inda ƙurar hunturu ke busar da hanci daga Nuwamba zuwa Fabrairu har ya tsattsage, duk abin da zai ba mai mura aikin yi ba tare da ya koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani ba ya cancanci a dube shi da kyau. Gwajin dai a sanyin Ingila mai danshi aka yi shi, don haka alƙalumansa ba za a kwaso su a ɗora wa Sahel kai tsaye ba. A birnin Edinburgh ma an gwada ɗiga ruwan gishiri mai ɗan ƙarfi a hancin ƙananan yara masu mura, iyaye ne suka haɗa shi a gida bayan an koya musu, kuma rahoton da aka gabatar a 2024 ya nuna murar ta yi kwana shida maimakon takwas.

Arhar ruwan gishiri ita ce ke kawo haɗarinsa guda ɗaya da ya kamata a sani, domin wanda ya ji cewa gishiri ne da ruwa zai ce me zai kai shi saye. Ruwan gishirin asibiti giram 9 ne a cikin lita ɗaya, kuma an tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta. Ruwan rijiya ko na tanki ko na famfo, wanda ciki zai iya ɗauka lafiya saboda tsamin da ke cikinsa, hanci ba shi da wannan kariya. A 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Louisiana ta Amurka bayan sun wanke kogon hancinsu da ruwan famfo mai ɗauke da wata ƙwayar halitta da ake kira Naegleria fowleri, wadda ke son ruwa mai ɗumi, take bi ta rufin hanci ta kai ga ƙwaƙwalwa. Cutar ba ta da yawa ko kaɗan, amma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. Don haka hukumomin lafiya ke cewa duk ruwan da za a tura can cikin hanci a tafasa shi na aƙalla minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe, a kuma wanke kwalbar a shanya ta, kowa da tasa, ba a aro ko tsakanin miji da mata.